Darasin Kimiyya: Yohanait, Koren Gishirin da ke Fitowa a Tsohon Rami

Darasinmu na wannan wata a kan wani ma'adini ne da ba kasafai ake samunsa ba. Sunansa Yohanait. A karanta shi gaɓa-gaɓa: Yo-ha-nait. Kore ne shar, kamar ganyen da ya sha ruwan sama. Duk wanda ya gan shi zai so ya ɗauka ya sa aljihu. Amma kusan rabin nauyinsa yuraniyom ne, wato ƙarfen nan da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Da yuraniyom ake samar da wutar lantarki a wasu ƙasashe. Da shi kuma ake ƙera bam ɗin nukiliya.

Masana sun sa Yohanait cikin dangin gishiri. Ba gishirin miya ba ne, ba a kuma cinsa. A wurinsu, kanwa gishiri ce, alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta shi ma gishiri ne. Yohanait da alam ma gida ɗaya suka fito, domin dukansu suna da farar wuta a jikinsu.

Inda aka fara ganinsa

A ƙasar Cek da ke Turai akwai wani gari cikin duwatsu, kusa da iyakar Jamus, ana ce masa Yakimof. Jamusawa suna kiransa Yowakimstal. A shekarar 1516 aka fara haƙar azurfa a can. Aka riƙa buga kuɗin azurfa, aka sa musu suna "tala" daga ƙarshen sunan garin. Tala ce ta koma dala. Ita ce dalar Amurka, ita ce kuma dalar da ake lissafi da ita a kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Kun ga ke nan garin ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai.

Masu haƙar azurfa sukan ci karo da wani baƙin dutse mai nauyi. Ba su san amfaninsa ba, sai su watsar. A 1789 wani Bajamushe mai suna Martin Klaproth ya gano cewa irin wannan baƙin dutse yana ɗauke da wani sabon ƙarfe, shi ne yuraniyom. A 1898 kuma Marie Curie da mijinta suka gano radiyom a cikinsa, kuma daga Yakimof aka riƙa kai musu ragowar dutsen zuwa Faris.

A bangon tsofaffin ramukan garin ne aka ga wani koren abu ya manne. A 1830 wani masani, Wilhelm Haidinger, ya bincika shi ya rubuta bayaninsa. Ya sa masa sunan Yarima Yohan na Ostiriya, wanda ya kafa gidan adana kayan tarihi da duwatsu a birnin Giraz a 1811. A lokacin, ƙasar Cek tana ƙarƙashin sarautar Ostiriya. Daga baya an same shi a Konwal ta Ingila, da jihohin Yuta da Kolorado na Amurka, amma ko'ina ɗan kaɗan ne.

Yadda yake fitowa

Ku duba bayan randa, ko gindin katangar da damina ta jiƙa. Idan wurin ya bushe, za ku ga fari-fari ya feso. Ruwa ne ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasa, ya fito da shi waje. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya. Haka Yohanait yake samuwa, sai dai aikin ya fi wannan tsawo.

Muddin baƙin dutsen yuraniyom yana binne a ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kai wa, ruwa ba ya narkar da shi. Yakan yi shekaru miliyoyi a kwance. Sai mutum ya zo ya haƙa rami. Iska ta shiga, damshi ya shiga. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wadda ake kira oksijin, ita ce ke sa fartanya tsatsa. To, yuraniyom ma yana yin tasa irin tsatsar. Kuma da zarar ya yi ta, halinsa ya sake: ruwa yana iya kwasarsa ya tafi da shi.

Kusa da baƙin dutsen akan sami wasu duwatsu masu ƙyalli kamar zinariya. Ba zinariya ba ce, baƙin ƙarfe ne da farar wuta, wasu kuma har da jan ƙarfe. Idan iska da ruwa suka ci su, sai farar wutar ta zama ruwa mai ci, irin wanda ake zubawa a batirin mota. Wannan ruwa shi ke ƙara narkar da yuraniyom da jan ƙarfe. Ya riƙa tsattsafowa daga bangon rami, yana bushewa sannu a hankali. Abin da ya bari a bango shi ne Yohanait. Ba ya buƙatar dubban shekaru. A cikin rayuwar mutum ɗaya yana iya fitowa a ramin da aka bari.

Yadda aka jera shi a ciki

Nan ne darasin ya fi daɗi, sai a karanta a natse.

Kowane abu a duniya an yi shi ne da ƙwayoyin zarra. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Sai an jera miliyoyinsu kafin su kai kaurin farce. A cikin gishiri, waɗannan ƙwayoyi ba a warwatse suke kamar tsabar gero a kwano ba. A jere suke, sahu-sahu, kowace da mazauninta. Shi ya sa ƙwayar gishiri take da fuskoki sumul da kusurwoyi. Abin da aka jera haka ana kiransa kiristal.

A kowane kaso ɗaya na Yohanait akwai ƙwayar jan ƙarfe 1, ta yuraniyom 2, ta farar wuta 2, da ruwa kashi 8. Sauran oksijin ne, da ɗan abin da ke tafe da shi. A 1982 wani masani a birnin Biyana, Kurt Mereiter, ya gano yadda suke zaune. Ya yi amfani da irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Ga abin da ya gani. Kowace ƙwayar yuraniyom tana da oksijin 2, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a miƙe sambal. Ku ɗauka taɓarya ce a tsaye, yuraniyom a ƙugunta, oksijin a kawunanta biyu. Wasu oksijin 5 kuma sun kewaye ƙugun kamar jigida. Taɓaren nan biyu-biyu suke tsayawa, manne da juna.

Ita kuma farar wuta tana tsakiyar oksijin 4. Ku tuna murhu: duwatsu uku a ƙasa, tukunya a sama. Haka oksijin ɗin suka zauna, farar wuta tana tsakaninsu inda wuta take ci. Kowane dutsen murhu ɗaya yana cikin jigidar wata taɓarya. Da haka murhu ɗaya ya riƙe taɓarya uku, kowace taɓarya kuma ta riƙe murhu uku. Aka yi ta saƙa haka gabas da yamma, kudu da arewa, har ya zama shimfiɗa kamar tabarma.

Tabarmin nan an ɗora su ne wata kan wata. Me ya riƙe su? Jan ƙarfe da ruwa. Kowace ƙwayar jan ƙarfe tana zaune a tsakanin tabarmi biyu, ta kama tabarmar sama da ta ƙasa, ruwa kashi 4 ya kewaye ta. Sauran ruwa kashi 4 yana nan a tsakani, riƙonsa sako-sako ne.

Wanda ya gane wannan ya gane halin Yohanait duka. Saƙar tabarma tana da ƙarfi, amma abin da ya haɗa tabarma da tabarma ba shi da ƙarfi. Saboda haka ma'adinin ba shi da tauri. A ma'aunin taurin duwatsu, lu'ulu'u yana da maki 10, shi kuwa Yohanait 2 ne zuwa 2 da rabi, kusan daidai da farcen mutum. Yana tsagewa fale-fale. Idan ruwa ya yi masa yawa sai ya lalace, yuraniyom ya koma cikin ruwa. Duk da haka yana da nauyi, ya ninka ruwa sau 3 da ɗoriya.

Launinsa ma daga nan yake. Gishirin yuraniyom yawanci rawaya ne, na jan ƙarfe kuma shuɗi. Mai rini ya san abin da ke fitowa idan rawaya ta gamu da shuɗi. Yohanait yana da 'yan'uwa da ba su da jan ƙarfe, kamar Yuranofilait, shi rawaya ne kamar garin ɗorawa. Idan aka haska Yuranofilait da fitilar da ake duba jabun kuɗi a banki, sai ya yi ta walƙiya kore a cikin duhu. Yohanait ba ya yin haka, jan ƙarfe ya hana shi.

Littattafan da suka ce ɗaci gare shi. Masanan da sukan lasa dutse don su gane shi. Wannan kam ba abin koyi ba ne.

Abin da ya shafe mu

Wuraren da Yohanait ya yi suna suna nesa da mu, amma halin yuraniyom ɗaya ne ko'ina. An fara fitar da shi a Arlit a 1971. A can ma, ruwa mai ci na farar wuta ake zuba wa niƙaƙƙen dutse don a narkar da yuraniyom a tace shi. Abin da tsohon rami yake yi cikin shekaru, masana'anta tana yinsa cikin ɗan lokaci. Abin lura shi ne, dutsen da aka fasa aka tara a fili ba ya komawa yadda yake a da. Iska ta taɓa shi, kuma ruwa zai iya ɗaukar abin da ke cikinsa.

Yuraniyom a ruwan sha yana cutar da ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 30 a lita ɗaya. Wato giram 1 kacal ya isa ya kai ruwan durom sama da 160 bakin iyaka. A wannan ƙanƙanta ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da yuraniyom. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji ake sanin gaskiyarsa.

Dutsen yuraniyom yana kuma fitar da wata iska marar launi marar wari, ana ce mata radon. Takan taru a rami ko a ɗakin da aka rufe. Masu haƙa a duwatsun yankin Yakimof sun yi ɗaruruwan shekaru suna mutuwa da ciwon ƙirji, suna kiransa ciwon dutse. A 1879 likitoci biyu a Jamus suka gano cewa ciwon daji ne na huhu. Daga baya aka tabbatar radon ce babban dalili.

Don haka mai haƙar ma'adini ya kiyaye. Idan ka ga kore ko rawaya ya feso a bangon tsohon rami, kada ka lasa, kada ka kai gida don yara su yi wasa. Ba kowane kore ne yuraniyom ba, sau da yawa jan ƙarfe ne kawai, amma ido ba zai raba maka su ba. Kada a sha ruwan da ya kwanta a ramin ma'adini, kada a shayar da dabbobi. Kada a yi yaɓe da ƙasar da aka fitar daga ciki. Kada kuma a daka dutse a turmin abinci. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a Zamfara saboda gubar dalma, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Aiki a aji

Malami ya sa a kawo alam da gishirin miya. A narkar da kowanne a ruwan zafi, a kofi dabam, har ya ƙi narkewa. A ɗaura zare a tsinke, a gitta tsinken a bakin kofi, zaren ya nutse. A ajiye a inuwa inda ba za a girgiza ba. Bayan kwana 5 zuwa 7 a duba zaren da gindin kofin. Na gishiri zai fito kamar ƙananan dunƙulen magi. Kowane ɗalibi ya dubi na alam da kyau, ya ƙirga fuskokinsa, ya zana shi a littafinsa, ya rubuta sunansa a ƙasa.