Darasi na 14: Sakin Ƙwallo a Wasan Bolin na Hannu Biyu

Karatu

Bolin wasa ne da ake yi a cikin ɗaki. Ya shahara a Amurka da Turai da wasu ƙasashen Asiya, kuma a yau ana samun wuraren yin sa a manyan birane kamar Legas da Abuja. Ɗan wasa yana mirgina ƙwallo mai nauyi a kan wani dogon daɓe mai santsi, domin ya kayar da kwalaben itace guda 10 da aka jera a ƙarshensa. Daga layin iyaka zuwa kwalabar farko ƙafa 60 ne, wato mita 18 da ɗoriya. Doka ba ta yarda nauyin ƙwallo ya wuce laba 16 ba, kimanin kilo 7 da kwata ke nan. Wanda ya kayar da kwalaben duka a jifa ɗaya har sau 12 a jere ya sami maki 300, babu kuma makin da ya fi wannan.

A da, kusan kowa da hannu ɗaya yake wasan. Yakan sa yatsu uku a ramukan ƙwallon: babban yatsa, da na tsakiya, da na kusa da ƙaramin yatsa. Amma Jason Belmonte, wanda aka haifa a garin Orange na ƙasar Ostareliya a 1983, ya sa duniya ta san wani salon. Iyayensa suna da gidan bolin, ya kuwa fara wasa tun yana ɗan wata 18. Da yake ƙwallon ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙa ɗaukarsa da hannu biyu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya girma bai bar wannan salo ba, har ya lashe gasar Masters ta Amurka sau uku a jere, a 2013 da 2014 da 2015. Osku Palermaa na ƙasar Finlan da Jesper Svensson na ƙasar Suwidin su ma sun yi suna da wannan salon.

Sunan salon yakan ruɗi mai koyo. Gaskiyar magana ita ce, hannu biyu ne ke ɗaukar ƙwallon, amma hannu ɗaya ne ke sakinsa. Bari mu ɗauki misalin ɗan wasa mai amfani da hannun dama. Yana sa yatsu biyu kawai a ramuka, ba ya sa babban yatsa. Ƙwallon yana zaune a tafin hannunsa na dama, wuyan hannun kuma a tanƙware, kamar na mai tallabe ƙwarya. Hannun hagu yana dafe da gaban ƙwallon don kada ya kuɓuce. Aikinsa rakiya ne kawai. Dab da saki sai ya janye, ya bar na dama ya ƙarasa.

Me ya sa sakin yake da muhimmanci haka? Dalili yana kan daɓen. Ana shafa mai a kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa, a bar ƙarshen a bushe. Ƙwallon da aka saki yana juyawa yakan yi sulɓi a kan man. Idan ya iso busasshen wuri sai ya kama ƙasa, ya lanƙwasa zuwa hagu, ya shiga tsakanin kwalaba ta 1 da ta 3. Wannan wuri shi 'yan wasa ke kira aljihu. Ƙwallon da ya shiga aljihu a karkace ya fi wanda ya zo a miƙe iya watsa kwalaben. Da yake babu babban yatsa a ciki, ƙwallon yana fita daga tafi da sauri, yatsun biyu kuma suna ba shi juyi mai yawa. Wannan juyi shi ne ribar salon. Shi ne kuma haɗarinsa, domin ƙaramin kuskure a wajen saki yakan zama babba kafin ƙwallon ya ci ƙafa 60.

Saki mai kyau yana da sharuɗɗa huɗu. Na farko, hannun dama ya tsaya a ƙasa da bayan ƙwallon har zuwa ƙarshe. Na biyu, ƙwallon ya iso kusa da idon sawun ƙafar hagu a daidai lokacin da ƙafar ta gama zamiya. Idan ya riga ƙafar, ɗan wasa zai rasa ƙarfi. Idan ya makara, zai fizge shi da kafaɗa. Na uku, gwiwar hannu da wuyan hannu su miƙe a sake, ƙwallon ya gangaro daga tafi zuwa kan yatsu, sa'an nan yatsun su ɗan juya shi. Na huɗu, hannun ya ci gaba da tafiya sama, ya nufi inda ake so ƙwallon ya bi, ɗan wasa kuma ya tsaya cak har ƙwallon ya kai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar juya hannu. Mai koyo yana ɗokin ganin ƙwallonsa ya lanƙwasa, sai ya kewayo da hannunsa ta samansa tun kafin lokaci. Sakamakon haka ƙwallon yakan yi ta juyawa kamar katantanwa, ya zame har ƙarshe bai kama ƙasa ba. Wani kuskuren shi ne barin hannun hagu ya daɗe, har ya tura ƙwallon gefe. Akwai kuma matse ƙwallo da yatsu, da ɗago jiki a bakin layi, da kallon kwalabe. Gwanaye ba sa kallon kwalabe. Akwai kibau 7 da aka zana a kan daɓen, kimanin ƙafa 15 daga layin iyaka, su ake duba, domin abin da ke kusa ya fi sauƙin saiti.

Gyaran saki ba ya samuwa da ƙarfin tuwo. Masu horarwa sukan fara da sa mai koyo ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a bayan layi, ya lilo ƙwallon a hankali ya sake shi. A nan babu tafiya, babu gudu, hankalinsa duka yana kan hannunsa. Idan hannu ya saba, sai ya miƙe ya yi da taku ɗaya, daga baya ya koma cikakkiyar tafiya. Yana iya manna farin tef a jikin ƙwallon domin ya ga yadda yake juyawa. Yana iya kuma roƙon abokinsa ya ɗauke shi bidiyo da waya daga baya, ya duba lokacin da hannun hagu ya janye. Abin da ake nema shi ne saki iri ɗaya sau goma a jere, ba jifa ɗaya mai ban mamaki ba. Sannu sannu kwana nesa.

A ƙarshe, a kula da lafiyar jiki. Wannan salo yana sa mutum ya sunkuya sosai, saboda haka nauyi yana sauka a kan baya da ƙugu. Mai koyo ya fara da ƙwallo marar nauyi, ya motsa jiki kafin wasa, ya dakata idan ya ji ciwo. Kada kuma ya taka layin iyaka. Wanda ya taka ya rasa makin wannan jifar, yana kuma iya faɗuwa saboda santsin mai.

Ma'anar Kalmomi

daɓe: ƙasan ɗaki da aka gyara ya yi sumul
jinka: rufin ɗaki na ciyawa
tallabe: riƙe abu ta ƙasa don kada ya faɗi
kuɓuce: fita daga hannu ba da niyya ba
sulɓi: zamewa a kan abu mai santsi
lanƙwasa: barin miƙaƙƙiyar hanya a karkata gefe
ɗoki: ƙaguwa a ga abu ya faru
katantanwa: ƙwanson dodon koɗi da yara ke murzawa ya yi ta juyawa
ƙarfin tuwo: ƙarfin jiki ba tare da dabara ba

Tambayoyi

1. Kwalabe nawa ake jerawa, kuma mene ne nisansu daga layin iyaka?
2. Me ya sa Jason Belmonte ya fara wasa da hannu biyu?
3. Mene ne aikin hannun hagu, kuma yaushe yake janyewa?
4. Ta yaya man da ake shafawa yake shafar tafiyar ƙwallo?
5. Kawo sharuɗɗa huɗu na saki mai kyau.
6. Don me mai koyo yake fara atisaye a durƙushe?

Nahawu

Wasu aikatau suna canza wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo bayansu. Idan suna ne ya biyo, sai su ƙare da -i. Idan wakilin suna ne, sai su ƙare da -e. Ku duba:

Ya saki ƙwallo. Ya sake shi.
Ta ɗauki jaka. Ta ɗauke ta.
Ƙwallon ya doki kwalabe. Ƙwallon ya doke su.

Ku lura cewa "sake" na "ya sake shi" dabam yake da na "ya sake jifa". Na farko yana nufin barin abu ya tafi, na biyu yana nufin maimaitawa.

Ku sa wakilin suna a madadin sunan da ke ƙarshen kowace jimla:

1. Ngozi ta sayi takalma.
2. Tunde ya tambayi malam.
3. Ɗalibai sun nemi hanya.
4. Audu ya saki igiya.

Jinga

1. Ku jera robobin ruwa 10 a filin makaranta: ɗaya a gaba, biyu a bayanta, sai uku, sai huɗu. Ku mirgina ƙwallon ƙafa da hannu biyu, kuna janye hannu ɗaya kafin saki. Kowa ya faɗa wa abokinsa da Hausa abin da ya gani a hannunsa.
2. Ku rubuta jimloli 8 a kan wani wasa na garinku wanda dabara ta fi ƙarfi amfani a cikinsa.