Darasi Domin Iyali: Kayan da Sabon Ɗaki Yake Bukata

Gabatarwa

Kowace shekara iyalai da yawa daga Arewa sukan koma Fatakwal, Anaca ko Inugu saboda aiki, ciniki ko karatu. Mai gidan haya yakan nemi kuɗin shekara guda gaba ɗaya, ga ladan dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Kafin a karɓi mabuɗi aljihu ya riga ya yi sauƙi. A nan ne magidanta da yawa suke faɗawa cikin bashi, domin suna so ɗakin ya cika a rana ɗaya.

A cikin 2 Sarakuna sura 4 mun ga matar Shunem, wadda mai arziki ce, ta shirya wa annabi Elisha ɗaki da abubuwa huɗu kawai: wurin kwana, tebur, wurin zama da abin haske. Ta duba bukatar baƙonta, ta biya ta. Mu ma bari mu bi wannan tsari.

1. Wurin kwana

Ƙasar Kudu ba kamar tamu ba ce. Ruwan da ake yi a Fatakwal a shekara ya wuce milimita 2,000, wato fiye da ninki biyu na Kano. Katifar da aka shimfiɗa a kan siminti takan sha danshi ta yi fumfuna, yara su kama tari. In babu kuɗin gado, kafinta zai iya haɗa katako mai ɗan tsawo a ɗora ta. Gidan sauro mai magani ya zama farkon abin saye, gama sauro a can ba ya jiran damina. Kuɗinsa bai kai na jinyar yaro ɗaya ba.

2. Ruwa

A sayi babbar roba mai murfi, bokiti biyu da jarka ɗaya ta ruwan sha kaɗai. Murfi ba ƙawa ba ne. Mazaunan Fatakwal ba su manta da baƙin hayaƙin da ya fara sauka a birnin a ƙarshen 2016 ba, wanda yake kwanta a kan abinci da ruwan da aka bari a buɗe.

3. Madafa

Tukwane biyu, buta, wuƙa, faranti da cokula daidai yawan mutanen gida sun isa farawa. Uwargida ta taho da muciya, mara, rariya da maburgi daga gida, ba su da nauyi. Hatsi, gari da daddawa a zuba su cikin robobi masu rufuwa sosai saboda danshi da kyankyasai. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 ta wadatar da ƙaramin iyali, amma a dafa inda iska take shiga. Mai amfani da risho ya sayi kananzir a wurin da ya amince da shi, domin wanda aka gauraya da fetur ya ƙone gidaje da yawa.

4. Haske da tsaro

Fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana ta fi kyandir aminci. A canza kwaɗon ƙofa tun ranar farko. A tambayi mai gida ko wanda ya tashi ya bar bashin wuta. Janareta kuwa kada ya kwana cikin ɗaki ko zaure, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci. Mai neman ɗaki kusa da kogin Kwara ya tuna da ambaliyar 2012 da 2022, ya dubi bango ko akwai alamar ruwa.

Inda za a saya

Babbar kasuwar Anaca tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga kuma Ochanja. A Inugu akwai Ogbete, a Fatakwal akwai Mile 1, Mile 3 da kasuwar Oil Mill mai ci ranar Laraba. Sabon zuwa ya tafi da ɗan'uwa wanda ya daɗe a garin, ya san farashi. Tebur da kujera na hannu ba abin kunya ba ne. Talabijin, firiji da kujerun falo su jira har an yi adashi ko ajiya, da sannu ɗaki zai cika.

Kammalawa

Miji da mata su zauna su rubuta kayan kashi uku: na yau, na bayan wata uku, da na baɗi. Su kuma ware kuɗin abincin wata guda kafin su shiga kasuwa. Zumuntar mata da matasa su lura da sababbin zuwa. Tukunyar da take ajiye a gidanki ita ce wata take nema.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane kaya ne muka saya domin idon mutane, ba domin bukata ba?
2. Yaya bashin kayan ɗaki yake taɓa zaman lafiyar ma'aurata?
3. Me iyalinmu za su iya ba sabon maƙwabci a wannan wata?