Tsatsar Sarƙar Babur da Maganinta

Wani bawan Allah ya kawo mini kuka, cewa ya jingine babur ɗinsa a zaure tun farkon damina saboda wata tafiya da ta kama shi, da ya komo bayan wata uku sai ya tarar da sarƙar, wadda bakanikai ke kira cen, ta yi ja wur da tsatsa, tana kuka kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba. Yana tambaya ko za ta gyaru, ko kuwa sai ya sayi sabuwa.

Jawabin wannan mas'ala yana rataye ne ga inda tsatsar ta kai. Idan ta tsaya a bayan ƙarfe, to, al'amarin mai sauƙi ne, domin muni kawai ta jawo. Amma idan laima ta ratsa cikin gaɓoɓi, inda ƙusa ke juyawa cikin bututunta, nan ne illa take, gama a nan sarƙa ke lanƙwasawa duk sa'ad da ta zagaya faifan haƙora. Saboda haka sai a ɗora babur bisa ƙafarsa ta tsakiya, a kashe inji, a cire murfin sarƙar in yana da shi, a riƙa juya tayar baya da hannu sannu a hankali ana duba gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙage za a gan ta a karkace kamar gwiwar hannu, ta ƙi miƙewa tare da 'yan'uwanta, wani lokaci ma jan gari na zubowa daga tsakaninta.

Kuskuren da na fi gani ga jama'armu shi ne, da zarar sarƙa ta yi kuka sai a ɗebo baƙin man da aka juye daga inji a kwarara mata, alhali ƙurar hunturu da yashin hanya suna nan daskare a jikinta. Kukan zai yi shiru, mai babur ya yi murna, amma haƙiƙa ya haɗa wani ƙulli ne mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa, balle shi kansa tsohon man cike yake da ɓurɓushin inji. Malamanmu na fiƙihu sukan gabatar da babin tsarki kafin na salla, to, tartibin nan ma haka yake: wanki tukuna, sa'an nan mai.

Abin wankin kananzir ne. A shimfiɗa kwali a ƙasa, a jiƙa sarƙar sosai, a bar ta kamar minti 10, kana a bi ta da tsohon buroshin haƙori ciki da waje, a goge da tsumma, a maimaita har tsumman ya daina fitowa ja. Sarƙar ƙananan babura, irin ta 'yan acaɓa mai lamba 428, galibi ƙarfe ce zalla, tana jure buroshin waya, ana ma iya kwance ta a kwanar da ita cikin kwanon kananzir. Amma ta manyan babura, wadda ke da 'yan zobban roba tsakanin gaɓoɓi masu tsare maiƙon da aka sa tun daga masana'anta, ita kam haramun ne a kusance ta da fetur ko waya, domin duka biyun suna lalata robar. Ina kuma yin gargaɗi da babbar murya, kada wani ya ta da inji ya sa giya don taya ta riƙa juya kanta yana gogewa. Tsumma na shiga haƙora yatsa zai bi shi, kafin a ce kwabo aikin gama ya gama.

Bayan ta bushe sarai, sai a ɗiga man giya mai kauri, lamba 80 ko 90, ko man fesawa da aka yi musamman don sarƙa, ta gefen ciki wanda ke taɓa haƙora, domin juyawa ce za ta tura shi waje ya ratsa ko'ina. A bar shi ya kwana in da hali, a share abin da ya yi saura, gama mai a bayan sarƙa ƙura kawai yake gayyata. A riƙa yin haka duk bayan kimanin kilomita 500, da kuma duk ranar da aka ratsa ruwa.

Daga nan sai a gwada ɗaurinta a tsakiya, ta yi wasa sama da ƙasa gwargwadon santimita 2 zuwa 3, domin wadda aka ɗaure tamau tana wahalar da kanta da injin baki ɗaya. In kuwa gaɓa ta ƙi sakewa bayan duk wannan hidima, ko aka ja sarƙar daga bayan faifan taya aka ga ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, to, wa'adinta ya cika, sai a sauya ta tare da fayafayan biyu a lokaci guda, don tsofaffin haƙora ba sa barin sabuwar sarƙa ta daɗe. Wanda ya kwance tasa kuma, wajen mayarwa ya lura da ɗan makulli mai baki biyu da ke riƙe mahaɗin sarƙar: rufaffen kansa shi ke fuskantar inda sarƙar ta nufa.