DARASI: ZAƁEN LITTATTAFAN DAMANA

Ruwa ya kusa sauka. Ajin yaƙi da jahilci zai rufe, kowa ya kama hanyar gona. Daga shuka zuwa girbi wata huɗu ne ko biyar, wato daga watan Yuni zuwa watan Oktoba. Cikin waɗannan watanni babu allo, babu malami.

Malaman ajin manya sun san abin da ke faruwa. Ranar da aka sake buɗe aji, akan samu wanda ya iya karanta wasiƙa kafin damana, amma yanzu yana tuntuɓe a kan sunansa. Wahalar wata da watanni ta tafi banza. Karatu kamar hauya ne. In ana aiki da ita, sai ta yi ta ƙyalli. In aka jingine ta, tsatsa ta cinye ta.

Maganin wannan shi ne kowane ɗalibi, mace da namiji, ya zaɓi littattafansa kafin a rufe aji. Ga yadda ake zaɓen.

LITTAFI NAWA ZA A ƊAUKA?

Biyu ko uku sun isa. Manomi ba ya da lokaci da yawa da damana. Ya kan dawo gida a gajiye. Wanda ya kwashi littafi goma ba zai gama ko ɗaya ba, kuma ya hana ƴan uwansa samu.

A yi lissafi. Wata huɗu kwana 120 ne. Mai karanta shafi ɗaya kullum zai karanta shafi 120 kafin a ɗaure damman hatsi. Wannan ƙananan littattafai uku ke nan masu shafi 40 kowane. Sannu ba ta hana zuwa.

Ya kamata ɗaya ya zama littafin aiki, ɗaya littafin hira. Mai ƙarfin karatu ya ƙara na uku.

GWAJIN YATSU BIYAR

Ba a sayen takalmi sai an gwada. Haka littafi yake. Ɗalibi ya buɗe tsakiyar littafin, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. Duk kalmar da ta gagare shi, sai ya lanƙwashe yatsa ɗaya.

In shafi ya ƙare bai lanƙwashe ko ɗaya ba, littafin mai sauƙi ne, yana da kyau don saurin baki. In ya lanƙwashe biyu ko uku, littafin daidai da shi ne. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa bana. Ya mayar da shi, ba abin kunya ba ne. Baɗi yana nan.

Ɗan ajin farko ya nemi littafi mai manyan baƙaƙe, mai hotuna, mai gajerun jimloli. Wanda idonsa ya fara rauni, shi ma ya guji ƙananan baƙaƙe, domin yawanci da dare ne ake karatu, a hasken fitila.

LITTAFIN AIKI

Littafin aiki shi ne wanda ke amsa tambayar da mutum ke da ita bana. Mutum ya tambayi kansa: me ke damuna a gona ko a gida?

Wanda gonarsa ta gaji ya nemi bayanin taki. Alal misali, masu binciken noma na Sadore, kusa da Yamai, sun nuna amfanin sa takin zamani kaɗan a gurbin shuka: gram 6 na taki mai lamba 15-15-15 a kowane gurbin hatsi, wato kamar cikin murfin kwalbar lemu. Wanda ya karanta wannan kafin shuka, zai yi aiki da shi a makon nan. Abin da hannu ya aikata, kai ba ya mantawa.

Mace mai ƙananan yara ta nemi bayanin zawo da zazzaɓin cizon sauro, domin da damana ne suka fi kama yara. Can za ta ga yadda ake dama ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na gidan likita cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ma'ajin ƙungiya kuwa ya ɗauki littafin lissafi.

A DUBA SHEKARA

A shafin farko ko na ƙarshe ake rubuta shekarar da aka buga littafi. Labari ba ya tsufa, amma bayanin magani yana tsufa.

Ga misali. Tsofaffin littattafan lafiya sun ce a sha nibakin in zazzaɓi ya kama mutum. A lokacin gaskiya ne. Daga baya ƙwayar cutar ta saba da maganin, ya daina kashe ta. Tun shekarar 2005 Nijar ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro. Yanzu kuma akan bi gida gida da damana, wata wata, ana ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi. Tsohon littafi bai san wannan ba.

Saboda haka duk wanda ya karanta sunan magani, na mutum ko na gona, a tsohon littafi, ya tambayi ma'aikacin lafiya ko malamin gona kafin ya saya.

LITTAFIN HIRA

Littafin hira shi ne wanda ke sa mutum ya ƙosa dare ya yi. Hausa tana da irinsu tun da daɗewa. A shekarar 1933 an yi gasar rubuta labarai a Arewacin Najeriya, aka buga waɗanda suka yi fice. Har yau ana karanta su.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin Alhaji Imam ne, wanda ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. A hanya suna ta yi wa juna wayo shi da Malam Zurƙe. Gajere ne, mai ban dariya, ya dace da ɗan aji na biyu.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin zamanin bauta ne. An sace yaro, aka ƙetara hamada da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Ganɗoki na Bello Kagara kuwa labarin jarumi ne a lokacin zuwan Turawa.

Magana Jari Ce, shi ma na Abubakar Imam, littafi uku ne da suka fito daga 1937 zuwa 1939. Aku ne ke ba da labarai ɗaya bayan ɗaya. Shi ya fi dacewa da damana, domin kowane labari yana ƙarewa a dare ɗaya ko biyu.

IN RUBUTU YA BAMBANTA

Kada mai karatu ya ruɗe. Littattafan Kano da Zariya suna rubuta 'ya'ya, na Nijar suna rubuta ƴaƴa. Kalma ɗaya ce. Wasu tsofaffin littattafan Nijar, waɗanda aka buga kafin taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, suna ninka wasali. Sukan rubuta raanaa maimakon rana, da may maimakon mai.

Kalmomi ma sukan bambanta. Abin da mutumin Maraɗi ke kira hatsi, Bakano gero yake cewa. Gujiya kuwa gyaɗa ce a can. A tsofaffin labarai za a ga fam da sule maimakon jika da dala. Duk baƙuwar kalma a rubuta ta a kaye, a kai wa malami bayan girbi.

ARO DA AJIYA

Littattafan aji na gari ne duka. Mai riƙe da akwati ya rubuta sunan mai aro, da sunan littafi, da rana. Maƙwabta uku suna iya zaɓen littattafai dabam dabam, su riƙa musaya ranar Juma'a. Ta haka kowa zai karanta na ƴan uwansa.

Abokan gabar littafi huɗu ne: ɗigon ruwa, gara, ɓera da akuya. A sa shi cikin leda, a ajiye a akwatin ƙarfe ko a rataye nesa da bango. A wanke hannu kafin a taɓa shi.

Wanda ya karanta wa iyalinsa da ƙarfi ya ci riba biyu: bakinsa ya saki, yaransa kuma sun ga amfanin karatu.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa karatu ke ɓacewa da damana?
2. Yaya ake gwajin yatsu biyar?
3. Me ya sa ake duba shekarar littafin lafiya?
4. Mai karanta shafi 2 kullum, shafi nawa zai karanta cikin kwana 120?

AIKI

Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen littattafan da ya zaɓa, da dalilinsa, ya kai wa malami kafin ranar rufe aji.