Yadda Ake Haƙo Bayanan Ƙasar Yauri a Intanet da Laburare

"Ai ba a yi rubutu a kan yankinmu ba." Da wannan jimla ɗaliban Ngaski da Yauri da Shanga da dama suke kare kansu idan aka zo babi na biyu na furojet, wato bitar ayyukan da suka gabata. Maganar kuwa ba gaskiya ba ce. Tun daga lokacin da aka tare kogin Kwara a Kainji tafkin ya cika a 1968, aka tayar da mutum sama da 40,000 daga gungunansu da garuruwansu, masana suke ta rubutu a kan wannan ƙasa: kifinta, nomanta, harsunanta, sarautarta. Rubutun yana nan. Abin da ke faruwa shi ne an ajiye shi ƙarƙashin sunayen da ɗalibin yau bai saba da su ba, a rumbunan da Google na yau da kullum ba ya fara nunawa. Ga yadda za ka kai gare shi, ko da waya kaɗai ke hannunka.

Mataki na farko ba ya buƙatar data. Ɗauki biro da takarda, ka mayar da batunka tambaya guda. "Kamun kifi a Kebbi" ya yi faɗi, ba za ka gama shi ba. "Me ya sa masuntan Wara suke kukan raguwar kamu, kuma me binciken baya ya ce a kai?" wannan tana da kai da ƙafa. Daga cikinta ka ciro kalmomi uku ko huɗu: wuri, abu, mutane, lokaci. Su za ka riƙa bugawa, ba doguwar jimla ba.

Mataki na biyu shi ne gishirin aikin, don haka zan daɗe a kansa. Kowace kalma da ka ciro, rubuta mata sauran sunayenta. Jihar Kebbi a 1991 aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, saboda haka duk abin da aka rubuta kafin wannan shekara ba zai ambaci jihar ba. Idan ka kafe a kan Kebbi State, ka rufe wa kanka ƙofar shekaru masu yawa. Gwada Sokoto State, sannan North-Western State, wadda ta rayu daga 1967 zuwa 1976, sannan Sokoto Province. A farkon mulkin Turawa ma Yauri a Lardin Kontagora take, kafin a mayar da ita Lardin Sakkwato. Sunan garin kansa yana zuwa da fuska biyu, Yauri da Yawuri, wasu kuma Yelwa suke rubutawa. Wara takan zo a matsayin Warra ko Warrah. Gungawa a wajen masana harshe Reshe ne ko Bareshe. Kambari wasu sun rubuta Kamberi. Ɗalibin kimiyya kuwa ya san cewa mujalla ba ta san giwan ruwa ba, Lates niloticus ta sani. Tarwaɗa Clarias ce, kurungu Synodontis. Wannan jerin sunaye ka riƙe shi kusa har ranar da za ka miƙa aikin.

Yanzu kunna data, amma ka wuce Google ka shiga Google Scholar, a scholar.google.com. Kyauta ne, kuma maƙalun ilimi da littattafai da kundayen digiri yake tattarowa, ba labaran Facebook ba. Akwai dabaru kaɗan da ya kamata su zauna maka a ka. Idan ka sa kalmomi biyu tsakanin alamun zance, kamar "Kainji Lake", zai nemo su a haɗe yadda ka rubuta. Idan ka rubuta OR da manyan baƙaƙe tsakanin sunaye, kamar Yauri OR Yawuri OR Yelwa, zai kawo duk wanda ya samu a cikinsu. Idan wani abu yana cika maka allo, sa alamar ɗebewa a gabansa ba tare da tazara ba. Mai neman tarihin al'umma da ya gaji da maƙalun wutar lantarki sai ya ƙara -hydropower. Lamarin kamar zaɓen raga ne: mai manyan idanu kifi ya zille, mai ƙanana ta kwaso har da shara. Sakamako ya kai dubbai, ƙara kalma. Ya zo biyu ko uku, cire kalma ko sauya suna.

Ka ce ka yi dace da maƙala ɗaya mai kyau. Kada ka yi gaba tukuna, dubi ƙasanta. Akwai Cited by da lamba a gefe; danna shi, zai jero waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya, ka tafi gaba a zamani ke nan. Sannan buɗe maƙalar ka je manazartarta ta ƙarshe, ka ga waɗanda ita ta dogara da su, ka koma baya ke nan. Da maƙala ɗaya sai ka tara goma. Ga masu tarihi da nazarin al'umma, ga sunayen farawa. P. G. Harris ya buga bayanansa a kan Yauri a 1930 a mujallar Royal Anthropological Institute. Frank Salamone ya yi bincike a tsakanin Gungawa, maƙalarsa a kan yadda suke rikiɗa su zama Hausawa ta fito a mujallar Africa a 1975. Wolf Roder yana da littafi na 1994 a kan yadda mutane suka saba da rayuwar bakin tafkin. Ga kuma ɗan gida, Farfesa Mahdi Adamu Ngaski, tsohon shugaban Jami'ar Sakkwato, wanda kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 a kan Yawuri a ƙarni na 19 yake, littafinsa The Hausa Factor in West African History kuma ya fito a 1978. A ganina, ɗan Ngaski ya rubuta furojet a kan tarihin ƙasar nan babu sunan Mahdi Adamu a ciki abin kunya ne.

Sai matsalar da kowa yake cin karo da ita: ka danna, shafi ya ce ka biya dala. Kada ka biya, kada kuma ka haƙura. Koma Scholar ka duba hannun dama ko akwai alamar PDF. In babu, danna All versions, don sau da yawa wata jami'a ta ajiye kwafin a buɗe. In nan ma ba a dace ba, kwafi taken ka buga shi a Google cikin alamun zance, ka ƙara filetype:pdf. Tsofaffin mujallu irin na Harris da Salamone suna JSTOR, wanda yake barin mai rajistar kyauta ya karanta har maƙala 100 a wata a kan allo. Tsofaffin littattafan matafiya da na jami'an mulkin mallaka kuwa a duba archive.org. Idan marubucin yana raye, aika masa da gajeren imel cikin ladabi, ka faɗi makarantarka da abin da kake nema. Malamai da yawa suna jin daɗin a nemi aikinsu.

Akwai rumbunan da gara ka shiga kai tsaye. AJOL, wato African Journals Online, ya tara ɗaruruwan mujallun Afirka, na Najeriya suna cikin mafi yawa. Mai binciken kifi da ruwa kuwa AquaDocs ne gidansa. A can ake samun takardun Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, NIFFR, da ke Sabuwar Bussa, da na tarukan ƙungiyar masana kifi ta Najeriya, da rahotannin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin Kainji da aka yi a shekarun 1990. Waɗancan rahotanni sun ƙirga masunta da jirage da kayan su a ƙauyukan bakin ruwa, abin da ba za ka samu a littafin aji ba. Don kundayen digiri, Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbu mai suna Kubanni. Buga Yauri ko Ngaski a ciki ka ga abin da ya fito.

Mataki na gaba da ƙafa ake yin sa. Je laburaren makarantarka, ko kana kwalejin da ke Yelwa ne, ko jami'ar Aliero, ko ta Tarayya a Birnin Kebbi, ko Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka sami ma'aikacin sashen intanet ka ce: "Ranka ya daɗe, waɗanne rumbunan bayanai ne makaranta take da rajista da su, kuma yaya ɗalibi yake shiga?" Ka ambaci Research4Life da sunansa. Shiri ne da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallu masu tsada: Hinari don lafiya, AGORA don noma da kifi, OARE don muhalli. Makaranta ce take yin rajista, laburare ke riƙe da kalmar sirri. Ɗalibai nawa ne suka gama karatu ba su taɓa tambaya ba? Matambayi dai ba ya ɓata. In ka samu shiga, ka sauke duk abin da kake buƙata a zama ɗaya, musamman idan hutu za ka tafi ƙauyen da sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Kowane fayil ka sauya masa suna nan take, marubuci da shekara, kamar Roder1994, ka tura kwafi imel ɗinka ko Google Drive. Waya tana faɗawa ruwa.

Ba duk abin da ya sauka ne abin dogaro ba. Kafin ka saka maƙala a aikinka, duba wane ne ya rubuta, a ina yake aiki, wace shekara, kuma ta yaya ya tattara bayanansa. Wanda ya ce ya yi bincike a Shanga amma bai faɗi ƙauye ko ɗaya ba, bai faɗi mutum nawa ya tambaya ba, ka yi hattara da shi. Akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga komai cikin mako guda. Rubutun Turawan mulki kuma ka karanta shi da ido biyu: yana da amfani don sun ga abin da ba mu gani ba, amma ta bakin tafinta suka ji, da idon mai mulki suka duba. Wikipedia wurin leƙawa ce, ka gangara ƙasanta ka bi madogararta. ChatGPT da ire-irensa suna taimakawa wajen samo kalmomin nema, sai dai suna iya ƙirƙiro sunan marubuci da take da shekara waɗanda babu su a duniya. Duk abin da suka ba ka, nemo shi a Scholar. In bai fito ba, watsar.

Tun ranar farko ka buɗe littafin rubutu na musamman. Kowace maƙala, shafi guda: cikakken suna, shekara, take, mujalla, lambar shafi, sai abin da ta ce da kalmominka. In ka ɗauki jimlar mutum yadda take, sa mata alamun zance a take, domin bayan wata biyu ba za ka tuna wace ce taka ba, ta nan satar fasaha take shigowa ba da niyya ba. Alamar Cite da ke ƙasan kowane sakamako a Scholar tana ba ka tsarin APA a shirye, amma ka duba, takan yi kuskure. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, kyauta ce, ita za ta jera masa manazarta. Shafukan da ke sayar da furojet babi ɗaya zuwa biyar kuwa, ka nisance su. Malamin da ke duba aikinka ya ga wannan kwafin tun kafin ka shigo makarantar.

Intanet yana da iyaka. Fayilolin lardi na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa a can, akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai laburaren NIFFR a Sabuwar Bussa. Karɓi takardar gabatarwa daga sashenku kafin ka tafi. Sannan dattawan da aka tayar daga gungu a 1968 suna raguwa kowace shekara. Wanda yake da shekara 15 a lokacin yau ya haura 70. Ka karanta abin da aka rubuta tukuna don ka san abin tambaya, sannan ka caja wayarka, ka nemi izininsu, ka je ka naɗi muryarsu a wannan hutun.