Musayar Fayiloli Tsakanin Windows da Linux a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin amfanin ma'aikatan ofis, da malamai, da ɗalibai, da sauran jama'a waɗanda suka ɗora manyan manhajoji biyu a kan kwamfuta guda. Babbar manhaja ita ce wadda take tafiyar da na'urar baki ɗaya, watau ita ce take fara tashi idan an kunna, sa'an nan ƙananan manhajoji su hau kanta su yi aikinsu. Biyun da aka fi haɗawa su ne Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka, da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland. Ita Linux ana raba ta kyauta a cikin siffofi iri-iri, kamar Ubuntu da Fedora da Linux Mint.

Mai irin wannan kwamfuta yakan zaɓi wadda zai shiga duk sa'ad da ya kunna, don kuwa ba sa aiki tare a lokaci ɗaya. Daga nan wahala take tasowa. Mutum ya rubuta takarda a cikin ɗaya, ya koma ɗayar ya neme ta ya rasa. Wani kuma garin neman hanya ya lalata aikin watanni da hannunsa. Maganin abin bai wuce guda biyu ba: a keɓe wuri ɗaya da dukansu biyu za su iya shiga, a kuma tabbata kowace ta rufe aikinta sarai kafin 'yar'uwarta ta taɓa wurin.

1. Dalilin da ya sa ba sa ganin kayan juna

Faifan ajiya na kwamfuta ana raba shi sassa-sassa, kamar yadda ake raba gida wa magidanta biyu. Kowace manhaja tana zaune a nata sashen, kuma kowace tana da nata tsarin ajiya, watau hanyar da take bi ta rubuta sunan kowane fayil, da girmansa, da inda aka ajiye shi. Misalinsu kamar akawu biyu ne a ofishin rajista ɗaya, kowa da irin littafinsa da irin rubutunsa.

Windows tana amfani da tsarin da ake kira NTFS, wanda ya fito a shekarar 1993. Yawancin siffofin Linux kuwa suna amfani da ext4, wanda aka kammala shi a ƙarshen 2008. Linux ta iya karatu da rubutu a kan NTFS. Tun 2007 akwai manhajar ntfs-3g mai yin wannan aiki, a 2021 kuma aka shigar da wata mai suna ntfs3 a cikin ƙashin bayan Linux kanta. Amma Windows ba ta san ext4 ba. Tana ganin akwai sashe a wurin, sai dai ba ta iya karanta abin da ke ciki.

A nan akwai gargaɗi babba. Wani lokaci Windows takan ci karo da sashe ko filashi mai tsarin Linux, sai ta fito da saƙo cewa dole a yi masa Format kafin a yi amfani da shi. Ma'anar wannan kalma ita ce a sake tsara wurin daga tushe, abin da ke ciki duka ya tafi. Wanda ya ga wannan saƙo sai ya ƙi, ya rufe shi. Faifan lafiyarsa lau, Windows ce ba ta gane rubutun ba.

2. Sashen tarayya

Tun da Linux tana iya shiga sashen Windows, wani zai ce ai magana ta ƙare, a riƙa ajiye kome a can. Wannan ba dabara ba ce mai kyau. A sashen nan ne Windows take ajiye fayilolin da rayuwarta ta dogara a kansu, kuma Linux ba ta bin takunkumin da Windows ta sa a kansu. Kuskure ɗaya na gogewa ya isa ya hana Windows tashi.

Abin da ya fi shi ne a yanke sashe na uku, wanda ba na kowa ba, ya zama kamar zaure tsakanin sassan gida biyu. A nan za a riƙa ajiye takardu da hotuna da duk abin da ake bukata a ɓangarorin biyu. Ga yadda ake yi:

(a) Da farko a kwafe dukan muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje. Kada a tsallake wannan mataki ko da ana sauri.

(b) A tabbata batirin kwamfuta ya cika, ko kuma tana haɗe da na'urar riƙe wuta. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yankan sashe, ɓarnar tana iya shafar faifan duka.

(c) A cikin Windows a buɗe Disk Management, a zaɓi sashen Windows, a rage girmansa da umurnin Shrink Volume. Gara a bar Windows ta rage sashenta da kanta, don ita ta fi sanin inda kayanta suke.

(d) A filin da ya samu a kafa sabon sashe da umurnin New Simple Volume, a ba shi suna mai sauƙin ganewa, alal misali TARAYYA.

(e) A shiga Linux a duba. Sabon sashen zai bayyana a cikin manhajar duba fayiloli da sunan da aka ba shi. Wanda yake son ya riƙa buɗewa da kansa duk lokacin da aka kunna, sai ya shirya haka a cikin manhajar Disks ta Ubuntu, ko ya sa wanda ya san aikin ya rubuta shi a fayil ɗin fstab.

Abin lura: sashen tarayya na ajiyar takardu ne. Kada a mai da babbar jakar mai amfani ta Linux, wadda ake kira home, zuwa cikinsa. Linux tana da nata ƙa'idojin izini na wanda zai karanta fayil da wanda zai canja shi, kuma waɗannan ƙa'idoji ba sa zama daidai a kan tsarin Windows.

3. Tsarin da ya dace a zaɓa

Tsare-tsare uku ne manhajojin biyu suke fahimta.

FAT32 ya fito a 1996. Kusan kowace na'ura ta san shi, amma ba ya karɓar fayil guda wanda ya kai gigabait 4. Dogon bidiyo ɗaya yana iya wuce haka.

exFAT ya fito a 2006, ba shi da wannan iyaka. Microsoft ta wallafa bayanin yadda aka gina shi a 2019, daga nan aka shigar da shi cikin Linux. Ya dace da filashi da katin ajiya.

NTFS ya fi su da abu ɗaya mai muhimmanci: yana riƙe kundi inda yake rubuta canjin da zai yi wa tsarin ajiya kafin ya yi shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, Windows takan duba kundin ta daidaita lissafinta. FAT32 da exFAT ba su da wannan kundi. Saboda haka a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, NTFS shi ya fi cancanta ga sashen tarayya na cikin kwamfuta.

4. Haɗari mafi girma: Windows barci take yi

Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, an sa wata dabara mai suna Fast Startup domin kwamfuta ta riƙa tashi da sauri. Tana nan a Windows 10 da 11, kuma galibi a kunne take zuwa. Idan mutum ya danna Shut down, Windows ba ta rufe kome da kome. Takan kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys, har da abin da ta sani game da yadda sassan faifai suke a lokacin. Fitila ta mutu, fanka ta tsaya, amma a wurin Windows littafin rajista yana nan a buɗe.

To, idan aka shiga Linux a wannan hali aka ajiye sabon fayil a sashen tarayya, Windows za ta farka da tsohon lissafi a kanta. Tana iya ɗaukar wurin da sabon fayil yake a matsayin fili, ta rubuta wani abu a kai. Da haka fayiloli suke ɓacewa, ko su buɗe a lalace.

Saboda wannan ne Linux sau da yawa takan ƙi buɗe sashen, ko ta buɗe shi don karatu kaɗai. Wanda ya ga haka kada ya ɗauka na'ura ta lalace, kada kuma ya nemi hanyar tilasta mata. Tsare masa dukiya take yi. Sai dai wannan tsaro ba a kowane hali yake aiki ba, don haka wajibi ne a kashe dabarar tun daga tushe.

Hanyar kashewa ita ce a buɗe Control Panel, a shiga Power Options, a zaɓi Choose what the power buttons do, a danna Change settings that are currently unavailable, a cire alamar da ke gaban Turn on fast startup, sa'an nan a adana. Yana da kyau a riƙa sake dubawa bayan kowane babban sabuntawa na Windows. Wanda bai riga ya kashe ta ba, idan zai koma Linux sai ya fita ta Restart, domin wannan umurni yana rufe kome sarai. Haka nan kada a sa ɗayarsu a dogon barcin nan da ake kira Hibernate sa'an nan a shiga ɗayar.

Idan an riga an sami matsala a sashen NTFS, a koma Windows a gyara da umurnin chkdsk. Akwai ntfsfix a Linux, amma ƙananan gyare-gyare kawai yake yi, ba ya maye gurbin chkdsk.

5. Sunaye, agogo da makulli

Sunayen fayiloli. Windows ba ta yarda da waɗannan alamomi tara a cikin suna ba: \ / : * ? " < > | Linux kuwa ta yarda da dukansu in ban da alamar /. Fayil ɗin da aka sa wa alamar tambaya ko ɗigo biyu daga Linux yana iya ƙin buɗuwa a Windows. Har wa yau, a wurin Linux Rahoto da rahoto sunaye biyu ne dabam, a wurin Windows kuwa ɗaya ne. Kada a ajiye irin waɗannan biyu a jaka guda. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, ba su da laifi, dukan manhajojin biyu suna karɓarsu.

Agogo. Windows tana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gari, Linux kuwa galibi tana saita shi da agogon GMT. Da yake agogon Nijeriya yana gaba da GMT da awa ɗaya, wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows yakan tarar agogo ya koma baya da awa guda. Wannan yana rikita lokacin da aka rubuta a jikin fayiloli, har mutum ya kasa gane sabon kwafi da tsoho. Ana iya daidaita su daga Linux da umurnin timedatectl set-local-rtc 1.

Makulli. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da sashen Windows a kulle da BitLocker. Linux ba za ta karanta sashen da aka kulle ba sai da mabuɗi. Mabuɗin ceto lambobi 48 ne. Kafin a taɓa sassan faifai, a nemo shi a rubuta a takarda, a adana a wurin da ba cikin kwamfutar ba.

Kammalawa

Ya kamata a tuna cewa sassan nan uku duk a kan faifai ɗaya suke. Idan faifan ya mutu, ko aka sace kwamfutar, sun tafi tare. Sashen tarayya hanyar wucewa ce, ba ma'ajiyar tsaro ba. Takardun ofis, da kundin bincike na ɗalibi, da lissafin ɗan kasuwa, duk suna bukatar kwafi na biyu a faifan waje, a riƙa sabunta shi a kai a kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Me ya sa Linux take ganin fayilolin Windows, amma Windows ba ta ganin na Linux?
2. Mene ne ya kamata mutum ya yi idan Windows ta nemi a yi wa wani sashe Format?
3. Wane amfani kundin NTFS yake da shi a inda wuta take yawan ɗaukewa?
4. Yaya Fast Startup take jawo ɓacewar fayiloli, kuma ta yaya ake kashe ta?
5. Don me sashen tarayya bai isa ya zama ma'ajiyar tsaro ba?