Haɗa Magungunan Ƙuma Da Kaska Ga Kare

Da zarar damina ta kankama sai kaska ta yi yawa, ta riƙa maƙalewa a kunnuwan karnuka da tsakanin yatsunsu, ƙuma kuwa ta hana su barci don susa. Mai kare yakan sayo magani ya sa, bayan mako biyu ya ga ƙwarin sun komo, sai ya ce maganin ba shi da ƙarfi, ya sayo wani ya ƙara a kai. A nan ne akan yi hasarar kare mai kyau.

Yawanci ba raunin magani ke komo da su ba. Macen ƙuma takan yi ƙwai har 50 a yini, ƙwan kuma ba ya tsayawa a gashi, zubewa yake yi inda kare ke kwanciya. Kaska ita ma in ta ƙoshi da jini sai ta faɗo, ta shige tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai. Watau na jikin kare 'yan kaɗan ne, rundunar tana ƙasa. Wannan aikin tsintsiya ne: a share makwancin, a ƙone tsummokaran, a yaɓe tsagogin.

To, kafin a haɗa magani biyu lalle ne a duba sunan gubar da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalba, kada a tsaya ga sunan kamfani. Diazinon da dichlorvos, wanda ke cikin Sniper, dangi ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi su taɓa jijiya. Wanda ya wanke karensa da ɗaya, kana ya fesa masa ɗayan, ya ninka masa guba ke nan. Sniper ma dai ba don jikin dabba aka yi shi ba. Alamun gubar su ne dalala, da zawo, da makyarkyata, ƙwayar ido kuma ta ƙanƙance. In an ga haka a wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya wurin likitan dabbobi tare da kwalbar, don shi ke da allurar atropine da ke karya ta. Haka kuma karen da ake yi wa allurar ivermectin mai yawa saboda ƙazuwa, kada a ba shi ƙwayar ƙuma mai spinosad.

Kyanwa ta fi kare haɗari. Hantarta ba ta iya sarrafa permethrin, ɗigon da kare zai ɗauka lafiya lau ita sai ya jefa ta cikin farfaɗiya har ta mutu. Ko goga jiki ta yi da karen da aka ɗiga wa, ta lashe gashinta, ya isa. A raba su kwana uku. Amitraz na wankan shanu shi ma ba a sa mata, ba a kuma sa wa doki.

Yanzu akwai magani guda mai kashe ƙuma da kaska gaba ɗaya. Fipronil akan ɗiga a ƙeya wata wata, ƙwayar fluralaner kuwa takan yi mako 12 tana aiki. Ko wanne gwargwadon nauyin kare ake ba shi, saboda haka a auna shi tukuna. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba a taje shi da matsefi, a cire masa kaska da hantsaki, a kama ta dab da fata don kada bakinta ya karye a ciki.